Muda Lawal: Kasuwar da Ta Zama Unguwa

Duk wanda ya sauka garin Bauci ya tambayi inda ake sayen kayan abinci da araha, amsar da zai fara ji ita ce Muda Lawal. Sunan nan ba na kasuwa kaɗai ba ne. Ana kiran tashar motar da ke wurin da shi, haka kuma gidajen da ke kewaye da ita. Idan mutum ya ce, “A Muda Lawal nake,” mai yiwuwa rumfarsa yake nufi, mai yiwuwa kuma gidansa.

Kafin mu fahimci wannan wuri, ya kamata mu waiwayi tarihin garin. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka ba tutar jihadi, shi ne ya kafa birnin Bauci a shekarar 1809. An kewaye birnin da ganuwa, aka yi mata ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nasarawa. A wancan zamani jama'a na zaune ne a cikin ganuwa, gonaki kuwa suna waje. Turawan Ingila sun ci garin a 1902. Bayan haka, a 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Bauci, garin ya zama hedkwatarta. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta kwararowa, tsohon gari ya kasa ɗaukar su. Sai gine-gine suka tsallake ganuwa, gonaki suka koma unguwanni. Muda Lawal na cikin wuraren da suka bunƙasa ta wannan hanya.

To, wane ne Muda Lawal? Ba sarki ba ne, ba kuma attajirin Bauci ba. Cikakken sunansa Mudashiru Babatunde Lawal, Bayarabe ne da aka haifa a Abekuta a 1954. Ya shahara a wasan ƙwallon ƙafa a ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan da kuma ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles. A 1980 Nijeriya ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka karo na farko, bayan ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya a Legas. Muda ne ya jefa ƙwallo ta uku. Ya rasu a 1991. Ga shi ɗan kudu maso yamma, amma kullum dubban mutane na ambaton sunansa a arewa maso gabas. Hausawa sun ce alheri gadon barci ne.

Rayuwar kasuwar takan fara tun da asuba. Manyan motoci kan iso da doya da lemo daga Binuwai, dankalin Turawa daga Filato, manja kuma daga kudu. Manoman ƙauyukan kewaye su kawo masara da gero da dawa da wake, 'yan lambu kuma su kawo tumatir da albasa da attarugu. Kowane kaya da ɓangarensa: ga 'yan hatsi, ga 'yan gwari masu kayan miya, ga 'yan katako.

Buhu ɗaya na masara yakan ciyar da gidaje da yawa kafin ya kai tukunya. Direban da ya ɗauko shi zai karɓi kuɗin mota. Ɗan dako zai sauke shi. Dillali zai haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'ada. Ɗan sari zai saya da yawa, ya sayar wa masu awo, su kuma su sayar da mudu-mudu. A ƙarshe mai baro ya tura kayan zuwa bakin titi. Mai shayi da mai kosai da mai ga-ruwa duk da waɗannan mutane suke samun abinci. Wannan ne dalilin da ya sa mutane suka nemi gidaje kusa da kasuwar, har unguwa ta kafu, da masallatai da coci-coci da makarantu.

Ciniki ma yana da ladabinsa. Mai saye yakan fara da gaisuwa: “Sannu da kasuwa.” Sannan ya tambayi kuɗi, ya taya. Idan tayin bai yi ba, mai kaya ya ce, “Albarka.” Idan ya yi, ya ce, “Na sallama,” wani lokaci har ya ƙara gyara. Abin lura shi ne, masu wannan magana ba duka ne Hausawa ba. Akwai Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani, akwai Ibo da Yarbawa da Tibi. Da yawansu a kasuwa suka koyi Hausa, kuma ita ce ta haɗa su.

Zaman tare yana buƙatar tsari. A unguwa, mai unguwa ne ke sulhunta maƙwabta, yana ƙarƙashin masarautar Bauci. A kasuwa kuwa, kowace sana'a tana da ƙungiya da shugabanni masu raba gardama. 'Yan kasuwa kan yi adashi domin ƙara jari. Idan an yi haihuwa ko rasuwa a gidan ɗayansu, sauran su bar rumfa su je barka ko ta'aziyya, ba tare da duba addini ko ƙabila ba.

Duk da haka akwai matsaloli. Gobara ta sha cinye rumfuna, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa kuma komai ya bushe. Cunkoso kan hana motar kashe gobara shiga da wuri. Da damina, ruɓaɓɓen kayan gwari da ledoji kan toshe magudanai, ruwa ya kwanta, sauro ya yawaita, kuma yaran unguwa ne ke fara kamuwa da zazzaɓi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya tashi, farashin abinci ya bi shi. Maganin wasu daga cikin waɗannan yana hannun hukuma, amma gyaran wayar lantarki da kwashe shara da barin hanya a buɗe aikin kowa ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'anar Kalmomi
Ganuwa: katangar ƙasa da ta kewaye birni.
La'ada: kuɗin da ake ba dillali.
Gyara: ƙarin da mai sayarwa ke yi kyauta.
Adashi: tara kuɗi a riƙa ɗauka bi da bi.

Tambayoyi
1. Me ya sa garin Bauci ya tsallake ganuwa?
2. Wane ne Muda Lawal?
3. Kawo mutane huɗu da ke amfana da buhun masara.
4. Rubuta gajeren bayani a kan kasuwar garinku.