ECOWAS da Dimokuraɗiyya: Abin da Ya Yiwu a Banjul Ya Gagara a Yamai

A watan Disambar 2001, a birnin Dakar, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haramta hawa mulki ba ta hanyar zaɓe ba. Ta kuma hana taɓa dokar zaɓe idan saura wata shida a kaɗa ƙuri'a, sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. Makaman ƙungiyar sanannu ne: masu sa ido kan zaɓe, masu shiga tsakani, dakatarwa, takunkumi, sai kuma soja idan tura ta kai bango.

A Gambiya an ga ranarsu. Yahya Jammeh ya sha kaye a zaɓen Disambar 2016, ya taya Adama Barrow murna, bayan mako guda ya ce bai san zancen ba. Ranar 19 ga Janairun 2017 aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, sojojin Senegal suka tsallaka iyaka, bayan kwana biyu Jammeh ya tattara ya bar ƙasar.

A Nijar kuwa abin ya sha bamban. Da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo a Maraɗi da Ƙonni. Sanatocin Arewa suka ce ba za a yaƙi 'yan'uwa ba. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, yana nan daram, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar.

Me ya bambanta su? A Banjul ƙuri'ar talaka ECOWAS ta je karewa, talaka kuma ya ga haka da idonsa. A Yamai bulalar a bayansa ta sauka. Ga kuma tabon tazarce: ƙungiyar da ta dakatar da Nijar a 2009 saboda tazarcen Shugaba Tandja, ita ce ta kawar da kai a 2020 da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka zarce wa'adi na uku. Muddin ana kyale mai babbar riga ya murɗe tsarin mulki, jan kunnen mai kaki ba zai yi tasiri ba.