Faɗan Sanda: Shaɗin Fulani da Wasan Mutanen Ailan

Sau da yawa in aka yi zancen wasan sanda a ƙasar Hausa, sai hankalin manazarta ya tafi ga shaɗi, watau sharon Fulani. A ganina akwai gyara a nan. A shaɗi saurayi yakan tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa, abokin karawarsa ya tsula masa tsumagiya, shi kuwa yana murmushi ko yana duban madubi. Ba ya karewa, ba ya gocewa, sai dai ya jira ranar ramuwa. Jimiri ake gwadawa. Faɗan sanda kuwa fasaha ce ta kai duka da kare kai a lokaci guda.

Don a ga bambancin sosai, bari mu duba ƙasar Ailan, inda ake kiran wannan fasaha bataireacht, daga kalmar bata, watau sanda. Akan yanko sandar daga wani icce mai ƙaya, a busar da ita, a bar mata dunƙulallen kai kamar kulki. Ba a gindi ake riƙonta ba, sai an ɗan matsa sama, domin ragowar ta kwanta bisa dantse ta zama garkuwa. Da ita dangi da dangi kan gwabza a ranakun kasuwa, kamar mummunar arangamar Ballyeagh ta lardin Kerry a 1834. Bayan babbar yunwar da ta soma a 1845, ga ƙaura, ga matsin hukuma da na malaman coci, sai wasan ya dusashe. Salon da ya fi shahara a yau na gidan Doyle ne, wanda ya tsira a Kanada don kawai uba ya riƙa koya wa ɗa.

To, mu fa? Harshe kansa shaida ne. Bahaushe ya bambanta sanda da gora, da kulki, da kere na jifan zomo, da kandirin sarauta. Al'ummar da ta tsaya ta rarrabe icce haka, ba shakka ta san yadda ake sarrafa shi, musamman a dajin farauta, inda rigima kan nama takan kai ga gora.

Sai dai farauta da shaɗi duk wasannin bayan kaka ne, lokacin da manomi ya sami sarari. A Garun Malam da Kura da Bunkure, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya bi magudanai, rani ya zama lokacin alkama da tumatir, saurayi yana gona ba ya daji. Misirawa sun kai nasu wasan, tahtib, cikin kundin UNESCO a 2016. Namu kuwa yana hannun tsofaffin mafarauta da makiyaya, kuma aiki ne da ɗalibi mai rikoda zai iya somawa daga sunayen riƙo da na duka.