Amincewar Jama'a da Sahihancin Labaran Kafafen Yaɗa Labarai: Misali Daga Yankin Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai son labari. Ko daga gaisuwarsa ana iya gane haka, domin bayan ya tambayi kwana da gajiya, sai ya ce, "Ina labari?" a amsa masa da "Sai alheri." A Yasore da sauran ƙauyukan ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda suka yi iyaka da dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, labari ya wuce abin hira. Manomi kan kasa kunne ga rediyo kafin ya yanke shawarar zuwa gona mai nisa, direba kuma kan binciki halin da hanya take ciki kafin ya ɗauki 'yan kasuwa. A irin wannan wuri, labarin da ba daidai ba yana iya jawo asarar dukiya, ko ma ta rai. Wannan babi zai yi bayanin abin da ake nufi da amincewa da kafafen yaɗa labarai, da yadda ta ginu a ƙasar Hausa, da abubuwan da ke raunana ta, sannan da rawar da malamin Hausa zai taka a cikin aji.

2.0 Ma'anar Sahihanci da Amincewa

Manyan kafafen yaɗa labarai su ne jaridu da gidajen rediyo da na talabijin waɗanda ke da rajista, da editoci, da wakilai, da adireshin da za a iya kai musu ƙorafi. Sahihanci siffa ce ta shi labarin kansa, wato dacewarsa da abin da ya faru ta fuskar wuri da lokaci da suna da adadi. Amincewa kuwa hali ne na mai sauraro, wato natsuwarsa da abin da aka faɗa masa har ya yi aiki da shi ba tare da ya gani da idonsa ba. Wajibi ne ɗalibi ya bambance waɗannan abubuwa biyu, domin ana samun labarin ƙanzon kurege da jama'a suka gaskata, kamar yadda ake samun sahihin labari da suka yi watsi da shi.

Auna amincewa ma aiki ne mai wuya. Alal misali, rahoton shekara ta 2025 na Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a ƙasashe daban-daban ne ke amincewa da akasarin labarai, alhali a Nijeriya adadin ya kai kashi 68. Sai dai waɗanda aka tambaya a Nijeriya masu jin Turanci ne da ke amfani da intanet. Ke nan, ra'ayin manomin Yasore da ke rataye da rediyo a kafaɗa bai shiga wannan lissafi ba.

3.0 Yadda Amincewar Ta Ginu

Kafin zuwan Turawa, labarin hukuma yana isa ga talakawa ne ta bakin sanƙira da maroƙa da jakadun sarki, labarin nesa kuma ta bakin fatake da alhazai. Mai sauraro ya san mai ba shi labari, ya kuma san ko mutum ne mai ƙarin gishiri. Da jarida ta zo, sai ya zama dole ta nemi wannan yarda daga mutanen da ba su san fuskar marubucinta ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939 ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta ɗauki alkawarinta ne a cikin sunanta: kwabo ake sayenta, amma abin da ke cikinta ya fi kwabon daraja. Daga cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ke yawo gab da Yaƙin Duniya na Biyu.

Rediyo ne ya kai labari inda jarida ba ta kai ba, saboda ba ya bukatar iya karatu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sai Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da Rediyon Faransa a 2007. A zamanin mulkin soja, lokacin da gidajen rediyon cikin gida duk na gwamnati ne, jama'a sun saba da karkata akalar rediyo zuwa tashoshin waje don jin abin da ke faruwa a ƙasarsu. Daga nan ne "BBC ta faɗa" ya zama hujjar yanke gardama a majalisun hira. Dokar soja ta 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, inda aka sami tashoshi irin su Freedom Radio a Kano a 2003. Tashoshin wajen ma ba dawwamammu ba ne, domin a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru.

4.0 Abubuwan da Ke Raunana Amincewa

4.1 Saɓanin Alƙaluma

Babu abin da ke saurin zubar da mutuncin labari kamar adadin da ya saɓa wa abin da mutane suka sani. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce yara 333 ne ba a gani ba, yayin da mai magana da yawun shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, ya ce guda 10 ne a hannun maharan. Kafafen yaɗa labarai suka ɗauki adadin biyu suka watsa. Ranar 17 ga Disamba aka sako yara 344, daga baya kuma kakakin ya nemi afuwa. Abin lura a nan shi ne, kafafen sun ruwaito abin da jami'ai suka faɗa ne daidai, amma uban da ɗansa ke daji ba ya tsayawa rarrabe laifin majiya da na gidan rediyo. Abin da ya sani kawai shi ne, a rediyo ya ji.

Ba kowane saɓani ne ke nufin ƙarya ba. A ranar da aka kai hari, wasu kan tsere cikin daji a ɗauka an kashe su, wasu da suka ji rauni kan cika daga baya a asibiti, mamata kuma akan yi musu sutura nan take bisa koyarwar addini. Don haka adadin safe yakan bambanta da na yamma. Kafa mai mutunci ita ce wadda ke faɗar cewa adadin na wucin gadi ne, ta kuma dawo ta gyara.

4.2 Nisa Tsakanin Wakili da Wurin da Abin Ya Faru

Akasarin wakilan manyan kafafe suna zaune ne a birnin Katsina, kuma haɗarin hanya kan hana su shiga ƙauyuka. Saboda haka sukan dogara ga wayar salula da sanarwar hukuma. Da aka katse layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, an yi watanni labarin yankin ba ya fita sai ta bakin matafiya. Mutumin da aka kai wa ƙauyensu hari, ya kunna rediyo bai ji an ambata ba, yakan ɗauka cewa an ɓoye ne da gangan. A watan Mayu na 2019, mutanen yankin Batsari sun ɗauki gawarwakin mutum 18 da aka kashe a 'Yar Gamji suka kai fadar Sarkin Katsina. Wannan shi ne "gani ya kori ji" a mafi ɗacin ma'anarsa.

4.3 Mallaka da Matsin Lambar Hukuma

Mai sauraro ba ya rasa sanin mai gidan rediyo. Idan na gwamnati ne, yakan zaci za a rage munin labari. Idan na ɗan siyasar adawa ne, yakan zaci za a ƙara masa gishiri. Matsin lamba kuma tsohon abu ne. A ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 ta 1984 aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, wato Tunde Thompson da Nduka Irabor. A watan Agusta na 2022, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, bisa hujjar cewa shirin yana kambama su. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin soja ta dakatar da Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Hukumomi suna da hujjarsu ta tsaro, amma duk lokacin da aka ɗauki irin wannan mataki, jama'a kan fara tunanin abin da ake hana su ji.

4.4 Harshe da Fassara

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibin Hausa. Sau da yawa abu kan faru a ƙauye, ganau ya ba da labarinsa da Hausa, wakili ya rubuta da Turanci ya aika Abuja ko Kaduna, sannan mai fassara ya sake mayar da shi Hausa cikin gaggawa. A wannan tafiya sunan gari kan jirkice, har mazauna garin su ji sunan da ba su taɓa ji ba. Idan kafa ta kasa faɗar sunan garinka daidai, da wuya ka yarda da sauran bayaninta.

Zaɓin kalma ma yana ɗauke da hukunci. Dubi waɗannan jimloli:

(a) An ceto mutum goma.
(b) An sako mutum goma.
(c) An sako mutum goma bayan an biya kuɗin fansa.

Duk suna nuna cewa mutum goma sun dawo gida, amma kowace tana ba da labari dabam game da wanda ya yi ƙoƙarin. Iyalin da suka sayar da gona da shanun huɗa suka karɓo ɗansu, idan suka ji jimla ta (a), sun daina yarda da wannan kafa ke nan. Haka kuma kalmar "an" tana ɓoye mai aikatawa, ta yadda za a ce "an kashe" ba tare da an faɗi wanda ya yi kisan ba. Akwai kuma kalmomin ruwaya, waɗanda ke nuna matakin tabbacin labari: "ya tabbatar" ya fi "ya ce" ƙarfi, "ya yi iƙirarin" yana nuna shakkar mai ba da labari, "ana zargin" yana nufin kotu ba ta yanke hukunci ba, "ana fargabar" kuwa yana nufin ba a gama ƙidaya ba. Idan labari ya bar rediyo ya shiga bakin jama'a, waɗannan kalmomi ne ke fara zubewa, sai zargi ya koma tabbas.

5.0 Illar Rushewar Amincewa

Wanda ya daina yarda da rediyo ba ya daina neman labari. Yakan koma ga saƙon murya na WhatsApp, da hotunan Facebook, da mutanen nan da Hausawa ke kira rediyo mai jini. Waɗannan suna da amfaninsu, domin sau da yawa su ke fara faɗakar da maƙwabta cewa an ga giftawar mahara. Amma ba su da edita, ba a san asalinsu ba, kuma ba mai dawowa ya gyara kuskure. Tsohon hoto daga wata ƙasa kan dawo a matsayin sabo, jita-jita kan watse kasuwa, ko ta sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Illa mafi girma ita ce, ranar da sanarwa ta gaskiya ta zo kan rigakafin cuta ko ambaliya, sai a haɗa ta da sauran a zubar.

6.0 Rawar Malamin Hausa

Gaskata komai da ƙaryata komai duk rashin awo ne. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibansa auna labari, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da malaman hadisi suka daɗe suna bin diddigin masu ruwaya. Malami zai iya horar da ɗalibai su riƙa yin waɗannan tambayoyi:

1. Wa ya faɗa, kuma ganau ne ko jiyau?
2. Yaushe abin ya faru, yaushe kuma aka ba da labarin?
3. Shin an ji ta bakin ɗaya ɓangaren?
4. Wace kalmar ruwaya aka yi amfani da ita?
5. Shin wata kafa mai zaman kanta ta kawo labarin?
6. Wannan kafa ta saba gyara kuskurenta a fili?

A darasin auna fahimta, malami zai iya kawo labari guda daga jaridar Aminiya da kuma yadda wani gidan rediyo ya ba da shi, ɗalibai su fitar da inda suka dace da inda suka saɓa. A darasin fassara kuma, zai iya nuna musu yadda sauya kalma ɗaya ke sauya ma'ana. Zai kuma sanar da su cewa akwai cibiyoyin tantance labarai, irin su Dubawa da Africa Check. Wajibi ne malami ya zaɓi misalansa da hikima, domin a yankuna irin su Batsari da Safana da wuya a rasa yaron da abin ya taɓa gidansu a cikin aji.

7.0 Kammalawa

An ga a wannan babi cewa amincewa tana ƙaruwa ne idan abin da aka ji ya dace da abin da aka gani, tana kuma raguwa saboda saɓanin alƙaluma, da nisan wakili, da matsin lamba, da sakaci wajen sarrafa harshe. Alhakin kafa ne ta ambaci majiyarta, ta kuma gyara kuskurenta. Alhakin malami kuwa shi ne ya yaye ɗaliban da suka san bambancin "an ce" da "an tabbatar."

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin sahihancin labari da amincewar mai sauraro, tare da misalai.
2. Kawo dalilai uku da ke sa alƙaluman labari guda su saɓa wa juna.
3. Saurari labaran rediyo na kwana uku, ka fitar da kalmomin ruwaya goma, ka jera su bisa ƙarfin tabbacinsu.
4. Tsara darasi na minti 40 kan auna labari domin ɗaliban ƙaramar sakandare.