Haɗa Kwamfutar Gem a Yankara: Daga Wuta Lissafi Yake Farawa

Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa a Yankara don ya haɗa kwamfutar buga gem, galibi a YouTube yake neman shawara, masu ba da shawarar kuwa suna zaune ne a ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba. Kullum maganarsu ɗaya ce: a zuba kaso mafi tsoka na kuɗin a katin hoto, sauran kayan su biyo baya. A wurinsu hakan daidai ne. Amma ga wanda ke zaune a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa, inda wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, kuma litar fetur ta yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a watan Mayun 2023, tambayar farko ita ce: wuta nawa na'urar za ta ci, kuma daga ina za ta fito?

A duba alƙaluma. Katin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, RX 580 da ya cika shagunan kayan hannu yana jan 185, yayin da GTX 1650 ke tsayawa a 75, galibi ba ya ma buƙatar wayar wuta ta daban. Akwai kuma firosesa irin Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, mai wat 65, da nasa sashen hoto a cikinsa, don haka ana iya buga eFootball ko GTA V da shi ba tare da kati ba, in an rage kaifin hoto. Kwamfutar da aka gina a kansa, haɗe da allon kallo, ba ta cika wuce wat 150 ba. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan wat 2,400 na awa guda, amma rabinsa kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Ke nan zai riƙe wannan ƙaramar na'ura wajen awa bakwai, mai babban kati kuwa da ƙyar ta haura uku. Duk wat ɗin da aka ƙara a cikin akwati, sai an biya kuɗinsa karo na biyu a batiri da inbata da faifan sola.

Daga nan sauran zaɓin yake samun sauƙi. Babban allon da ake jera kayan a kai ya zama mai soket AM4, irin B450 ko B550, domin kayansa sun yawaita a kasuwa. RAM ta zama giga 16, sanda biyu masu giga takwas-takwas, saboda firosesa mai sashen hoto a ciki daga RAM yake aron wurin aiki, sanda ɗaya kuwa tana shaƙe shi. A sa SSD mai giga 512 ko tera ɗaya. Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne akwatin rarraba wuta: a nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wat 450 zuwa 550, a haɗa da sitabilaiza ko UPS. Arha ba ta ado a nan, don in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa. Akwatin waje kuma ya kasance mai raga da matatar ƙura. Hazon hunturu da zafin Afrilu sun fi fitilu masu launi muhimmanci.

Wani zai ce ai wannan na'ura ba za ta ɗauki sababbin manyan gem ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa aka bar sarari a akwatin wuta: ranar da hali ya samu, sai a soka kati irin RX 6600 mai wat 132 ba tare da an sauya komai ba. Wani kuma zai ce gara a sayi katin hannu mai arha a Titin Beirut da ke Kano. Sai dai a sani cewa bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya, RX 580 na gaba-gaba a cikinsu. Kada a biya kuɗi sai an ga katin yana ɗauke da gem na aƙalla rabin awa a gaban mai shago.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa laftof ko PS4 sun fi dacewa da ƙauye. Laftof tana da batirinta, PS4 kuma ita gidajen gem suka sani. Ga wanda ƙwallo kaɗai yake so, PS4 ta ishe shi. Amma laftof ba a sauya mata katin hoto, PS4 kuma ba ta tace bidiyon biki ko zanen fosta, ayyukan da ke iya mayar da kuɗin da aka kashe. A kuma tuna cewa a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Gem ɗin da ba ya tashi sai da intanet ba abin gina kasafi a kansa ba ne. Kafin ka hau motar Funtua zuwa Kano, rubuta wat ɗin kowane kaya a takarda, ka tara, ka gwada da abin da batirinka zai iya ɗauka.