Kyauta ma sai an koya: Tunani ga mai bin Almasihu

Da zarar watan Disamba ya kama, kasuwannin Kaduna da Jos da Yola kan cika da masu sayen shinkafa da atamfa da man girki domin rabon Kirsimeti. Hannun Kiristocinmu a buɗe yake, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ke damuna shi ne ƙarancin tunanin da ke rakiyar kyautar. Sau da yawa mukan ba mutum abin da ya sauƙaƙa gare mu, ba tare da mun tambayi kanmu me yake bukata ba. A ganina, gyara wannan ɗabi'a wani ɓangare ne na girma cikin bangaskiya, daidai da addu'a da azumi.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misali a Ayyukan Manzanni sura 9. Wata mace mai suna Tabita, wadda ake kira Dokas, ta rasu a garin Yafa. Da Bitrus ya iso, matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Duk wanda ya san ɗinki ya san ba a yanka yadi sai an san wanda zai sa rigar, tsayinsa da faɗinsa. Ke nan Tabita ta fara da duban mutum kafin ta ɗauki allura. Wannan duban shi ne darasi na farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba za ka san wurin ba sai ka zauna ka saurare shi.

Na sha ganin buhunan tsofaffin kaya da ake tarawa a coci domin 'yan gudun hijira: takalmi ƙafa ɗaya, kwat da ya yage, rigar biki da ba ta tare sanyin hunturu. Alhali da an tambayi uwar da ke sansanin, wataƙila bargo za ta ce, ko maganin zazzaɓi, ko kuɗin jarabawar ɗanta. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace naira ta yi tsada, don haka ɓarnatar da ita a kan kyautar da ba ta magance komai asara ce ga mai bayarwa da mai karɓa.

Darasi na biyu shi ne kare mutunci. Labarin da aka gada game da Nikolas, bishop na Mira a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wanda ya rayu a ƙarni na 4, ya ce da dare ya jefa zinariya cikin gidan wani matalauci mai 'ya'ya mata uku, domin a aurar da su ba tare da uban ya ji kunya ba. Mu kuwa yau, mudun shinkafa biyu sai an ɗauki hoton maraya an ɗora a Facebook. Shinkafar takan ƙare cikin mako guda, hoton kuma yana nan yana bin yaron har makaranta. Koyarwar Yesu a Matiyu sura 6 a kan ɓoye sadaka ta isa gargaɗi.

Darasi na uku shi ne shiri. Da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya shawarci ikkilisiyar Koranti kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta kowane mako, don kada a yi ta kame-kame ranar da ya iso. Mai ware kaɗan tun watan Janairu yana da sararin yin tunani, mai jiran jajibiri kuwa abin da ya tarar a bakin hanya shi zai saya.

Iyayenmu a Arewa sun san wannan hikima. Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kaza ko akuyar Kirsimeti, domin idan an kai abinci gidan maƙwabta su ci hankali kwance. Haka nan naman layya yake ƙetare katanga ya shigo gidajenmu. Irin wannan la'akari da zuciyar mai karɓa ya riƙe zumuncin unguwanni da dama a lokutan da siyasa ta so raba su.

Ina kira ga fastoci da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su sa wannan cikin koyarwar almajiranci. Kafin a tara baiko domin mabukata, a tura mutum biyu su ziyarci gidajen, su ji ta bakinsu, a rubuta, sannan a je kasuwa. A kuma bar waya a aljihu ranar rabo. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma wanda ya koyi duban ɗan'uwansa kafin ya miƙa masa hannu ya ƙara matsawa kusa da halin Almasihu.