Saƙonnin Garkuwar Jiki Da Rikiɗar Ƙwayar Ƙanjamau

Tun cikin shekarar 1983, sa'ad da masana na Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar HIV mai haddasa ƙanjamau, tambaya ɗaya ta addabi likitoci: me ya sa jikin ɗan Adam, wanda ke cin galabar ƙyanda da mura, ya kasa kawar da ita? Amsar tana cikin kokawar da ake yi tsakanin saƙonnin garkuwar jiki da rikiɗar ƙwayar kanta.

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki, suna kuwa aika wa juna labari ta wasu sinadarai, watau kamar 'yan aike a fagen daga. Cikin makonnin farko bayan kamuwa, waɗannan 'yan aike kan cika jini, wani da ake kira intafaron yana kan gaba, yana gargaɗin sauran ƙwayoyin jiki su yi shiri. Wannan gangami ne ke jawo zazzaɓi da kaluluwa da mutane da yawa kan yi a lokacin.

To, amma abokiyar gaba ba ta tsaya da kama ɗaya ba. A jikin wanda ba ya shan magani takan hayayyafa kimanin miliyan dubu 10 kowace rana, kuma wajen kwafar kanta tana yawan kuskure, ba ta gyarawa. Saboda haka kullum sababbin iri ke fitowa. Wanda dakarun jiki suka gane sai su hallaka shi, wanda ya ɓad da kama ya tsira ya yaɗu. Ke nan matsin garkuwar ne ke zaɓen irin da zai rage.

Cikin 1995 Robert Gallo da abokan aikinsa a Amurka suka gano 'yan aike uku da ke hana HIV shiga fararen ƙwayoyin da ake kira CD4, waɗanda su ne abin farautarta. A 1996 aka fahimci dalili: tana bukatar wata ƙofa mai suna CCR5, wadda ta nan ne ƙwayar jinin ke karɓar saƙon 'yan aiken nan. Idan sun tsaya a bakinta, ɓarauniya ba ta samun hanya. Amma a wajen rabin masu ɗauke da irin da ya fi yawa a Turai da Amurka, in cutar ta daɗe ba magani, sai ta rikiɗe ta koma wata ƙofa, CXCR4, inda waɗancan ukun ba su tsaro. Daga nan raguwar ƙwayoyin CD4 kan ƙara sauri.

Abin takaici kuma, ƙararrawar da ba ta yin shiru ita ma illa ce. Tana ta da ƙwayoyin CD4 dare da rana, alhali kuwa waɗanda aka tasa su ne HIV ta fi jin daɗin kamawa.

Wannan ilmi bai tashi a banza ba. Kimanin mutum 1 cikin 100 na arewacin Turai ana haifarsu ba ƙofar CCR5. A 2007 likitocin Berlin suka dasa wa Timothy Brown ƙwayoyin ɓargon irin wannan mutum don ciwon dajin jini, ya kuma warke daga HIV. A shekarar ce Amurka ta amince da maraviroc, maganin da ke toshe ƙofar. Sai dai dashen yana da haɗari ƙwarai, ba na kowa ba ne.

Darasin da ya shafi kowa shi ne, ƙwayar da ba ta hayayyafa ba ta rikiɗa. Mai shan maganinsa kullum ya ɗaure ta. Mai tsallake kwanaki ya ba ta filin koyon bijire wa maganin. Don haka a yi gwaji da wuri, a kuma riƙe magani da gaske, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.