Masu Latsa Ƙwaƙwalwar Talibambam

Wanda ya gama digirin digirgir a fannin kimiyya ba ya zama farfesa washegari. Akwai wani zango a tsakani, na kwantiragin shekara biyu ko uku a ɗakin gwaje-gwajen wani babban malami. Kamar yaron tela ne da aka yaye amma bai samu kuɗin buɗe shagonsa ba: ya iya aikin, wani lokacin ma ya fi maigidan hannu, sai dai keken ba nasa ba ne. A cikin irin waɗannan masu bincike akwai wasu 'yan tsiraru da aikinsu shi ne gano yadda ja da turi da matsi ke tsara ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun halitta tana cikin ƙwai ko mahaifa.

Da daɗewa masana sun ɗauka cewa sinadarai ne kaɗai ke nuna wa jijiya hanya, wani ya kira ta, wani ya kore ta. Ba ƙarya ba ne, amma rabin labarin ke nan. A 1984 Dennis Bray ya maƙala siririyar allura a jikin ƙwayar jijiya ya dinga ja a hankali, sai zarenta ya yi ta tsawo maimakon ya tsinke. A 2006 rukunin Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania ya shuka ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba a kan shimfiɗu masu tauri daban-daban. Na kan mai laushi suka karkata zuwa siffar jijiya, na kan mai tauri suka nufi ta ƙashi.

Aikin yau da kullum kuwa na yatsu ne. A ɗakin binciken Kristian Franze, wanda ya yi suna a Kambrij ta Ingila, dabbar aiki ita ce wani kwaɗon ruwa ɗan asalin Afirka mai suna Xenopus. Ana yi wa macen allura ta zuba ƙwai, a haɗa su da maniyyin namiji, a jira kwana biyu zuwa uku. Sai mai binciken ya zauna gaban madubin ƙara girma, ya sa wa ɗan talibambam ɗin maganin barci, ya ɗaye fatar gefe guda na kansa da kayan aiki masu tsinin gaske har ƙwaƙwalwar ta bayyana, kuma dole dabbar ta ci gaba da rayuwa. Hannu ya ɗan yi rawa, aikin ranar ya tashi.

Daga nan sai wata na'ura da aka ƙirƙira a 1986 don taɓa abubuwa ƙanana ainun. Tana da wani ɗan harshe da ido ba ya gani sosai, an liƙa masa ƙaramin ƙwallo a baki. Harshen ya sauko ya latsa ƙwaƙwalwar, hasken leza da ke haskawa a bayansa ya nuna yadda ya lanƙwashe, kwamfuta ta lissafa taurin wurin. A matsa gaba kaɗan a sake, har a zana taswirar inda ya yi laushi da inda ya yi tauri. A ma'aunin da ake kira faskal, taurin ƙwaƙwalwa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, alhali na ƙashi ana maganar biliyoyi, shi ya sa ake ɗora na'urar a kan teburin da ke shanye girgiza, don ko takun mai wucewa na iya ɓata awo.

Abin da wannan wahala ta haifar ya fito a 2016. Jijiyoyin da ke tasowa daga idon kwaɗon, a hanyarsu ta zuwa sashen gani na ƙwaƙwalwa, suna yin kwana zuwa ɓangaren da ya fi laushi. Da aka toshe musu hanyar jin tauri da wani sinadari da aka samo daga dafin gizo-gizo, sai suka warwatse suka ɓace hanya. Amfanin sanin wannan ba a nesa yake ba. Ana fatan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa lakar mutum da ta yanke ba ta sake haɗewa, tunda tabon da ke fitowa a wurin yana sauya taurin naman.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai game da sana'ar nan shi ne rabon suna. Ƙofar da ƙwayar halitta ke jin matsi da ita, wadda ake kira Piezo1, wani Bafaranshe ne mai suna Bertrand Coste ya tono ta lokacin yana wannan zango na bayan digiri a cibiyar Scripps ta Kalifoniya. Ya jera ƙwayoyin gado 72 da ake zargi, yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanar ƙwayar halitta da tsinken gilashi yana duba ko wutar da take bayarwa ta ɗauke. Sai a ta ƙarshe ta ɗauke. An buga sakamakon a 2010 da sunansa a gaba, amma kyautar Nobel ta 2021 ta tafi ga maigidansa Ardem Patapoutian tare da David Julius. Ba zalunci ba ne a tsarinsu, don maigida ne ya kawo tambayar ya nemo kuɗin, kuma bai ɓoye rawar da Coste ya taka ba. Amma haka lissafin yake: kujerun farfesa ba su kai yawan masu jiransu ba, mutum na yin gwaji da rana, da dare yana rubuta takardar neman tallafi kafin kwantiragi ya ƙare, da yawa kuma daga ƙarshe kamfanonin magunguna ke ɗauke su. Coste yana cikin waɗanda suka dace, ya koma Faransa ya ci gaba da bincikensa a Marseille.